Alkaki: Sunan Turawa Ne Ko Na Larabawa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin rani a ƙasar Bunkure, wanda ya ce kada mu ambaci sunansa. Ya ce bikin 'yarsa ya matso, uwargida har ta ware buhun alkama don alkakin gara, sai ƙaninsa ya tada gardama, wai alkaki kwaikwayon Nasara ne, daga kek ɗinsu aka samo sunan, don haka a cire shi. Shi ne yake so mu raba gardama.

To Malam, muna taya ku murna, Allah Ya sa alheri. Ka gaya wa ƙanin naka kunne ya yaudare shi. Alkaki da kek sun yi kama a baki, amma ba gidansu ɗaya ba. Kalmar kek ta shiga Turanci ne daga harshen mutanen arewacin Turai na da. Shi kuwa alkaki daga Larabci ya fito, wato "al-ka'ak", sunan wani abin marmari na garin alkama da Larabawa suka daɗe suna yi. Sunan yana cikin littafin girke-girken da aka rubuta a Bagadaza tun ƙarni na 10. Har gobe a Masar ba a ƙaramar salla sai da shi, su suna ce masa "kahk". Bahaushe ya ji kalmar ta yi masa nauyi a maƙogwaro, sai ya yar da harafin ainun da ke tsakiya, ya ƙara wasali a ƙarshe, ta zama alkaki.

Shaida tana nan a goshin kalmar. Wannan "al" ta Larabci ce, irin wadda ke cikin albasa da almakashi da aljihu da alƙali. Kalmomin da muka aro wurin Ingilishi ba sa zuwa da ita, dubi burodi, dubi biskit. Kai, ita kanta alkamar da kake nomawa "al-ƙamh" ce. Alkubus kuma "al-khubz" ne, wato abin da Balarabe ke kiran burodinsa. Ka ga ke nan hatsin da abincinsa tafiya ɗaya suka yi.

Ta wace hanya? Ta Sahara, a bayan raƙuma. Fataken Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna sauka a Kano, suna ciniki a kasuwar Kurmi, wasu har suka yi aure suka zauna. Bature Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya tarar da su, alhali sojojin Ingila ba su ci birnin ba sai 1903. Wani abin da zai ba ka mamaki, a wancan zamani Larabawan nan ake kira Turawa, shi ya sa unguwar da suka zauna a cikin birni ake ce mata Dandalin Turawa. Don haka in ƙaninka ya nace cewa abincin Turawa ne, sai ka tambaye shi, waɗanne Turawan?

Amma fa suna aka aro, hannu na matanmu ne. Larabawa gasa nasu suke yi. Namu kuwa ɓarza alkama ake, a murje ta da mai, a kwaɓa a rufe ya kwana ya yi tsami, a sa ɗan ruwan kanwa, a murza a nannaɗe, a soya, sannan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari mai tsamiya. Shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba, amarya ta yi ta fita kunyar baƙi da dangin miji da shi.

Dalilin da ya sa ya zama abin alfarma a gara kuwa, kai ka fi mu sani. A da alkama ba ta kowa ba ce. Ɗan kaɗan ake nomawa a bakin fadama, ana ɗebo ruwa da jigo, sai gidan sarauta da na attajirai ke cin ta. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanya zuwa Kadawa da Kura da ƙasarku ta Bunkure, sai talaka ma ya samu ta kansa. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkamar waje a 1987, manoman wajenku sun ga kuɗinta, kafin daga baya shinkafa ta sha gabanta.

Batun ko a rage gara saboda tsadar sukari da mai, wannan magana ce daban, tsakaninka da uwargida da surukanka, mu ba ma sa baki. Amma in don suna ne kawai, a kai buhun nan inji. In an soya kuma, kada a manta da mu a nan gidan rediyo.