Zuwa likita duba lafiyar mata: abin da za ki tarar

Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu na Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, da ku muke. 

Mata da yawa ba sa taka likita sai da ciki ko da yaro a goye. Nasu ciwon kuwa, kunya ta sa su haɗiye shi. Yau za mu faɗa muku abin da ake yi a ɗakin duba mata, don tsoron ya ragu.

Da fari hira ce. Ungozoma za ta tambaye ki yaushe kika ga al'ada ta ƙarshe, haihuwa nawa, ɓari nawa, ko kina shan maganin tazarar haihuwa. Ki faɗi gaskiya, ƴar'uwa. Ƙaiƙayi, farin ruwa mai wari, ciwon mara, zafi ko jini bayan kwanciya da maigida, duk ta saba ji. Abin da muke haɗawa mu kira "sanyi" cututtuka ne daban-daban, kowanne da maganinsa, shi ya sa ƙwayar mai talla ba ta kashe shi.

Daga nan a auna hawan jini, a taɓa nono a ji ko akwai ƙullutu. Sai ki kwanta, a sa wani ɗan ƙarfe mai tsabta da ke buɗe gaba don a ga bakin mahaifa. Za ki ji sanyinsa da ɗan matsi. Ki saki jiki, ki ja numfashi. In ya yi zafi, ki ce a dakata. Kina da ikon neman mace ta duba ki.

Inda ake gwajin kansar bakin mahaifa, ana shafa ruwan binega, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari, kuma ana iya magance shi tun bai zama kansa ba. Cutar takan yi shekaru ba ta ba da alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwajin daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa daga 25.

Kwana biyu kafin zuwa, kada ki yi matsi ko ki cusa kayan mata, suna ɓoye abin da ake nema. Ki riƙo karnenki, wato katin likita. In abin ya fi ƙarfin ƙaramar likita (CSI), za a tura ki babbar likitar Madarunfa ko Maraɗi. Mai yoyon fitsari kuwa, ga likitar Danja nan kusa, ana yin aikinsa.

Magidanta, ku ma da ku muke. Ku ba su izini, ku ba su kuɗin mota, in da hali ku raka su. Ke kuma da kika ga jini bayan al'ada ta ɗauke miki, kada ki jira ranar kasuwa, ki tafi gobe da safe.