Direban Kayan Agaji Da Takardar Inshora: Wa Take Karewa?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, a Katuzu, Gashuwa)





Maganar da aka ɗora mana yau ta shafi gidaje da dama a nan Katuzu, domin da wuya a ƙirga gida goma a jere ba a sami wanda tukunyarsa ke dogara da sitiyari ba. Mu Hausawa mazauna ƙasar Bade, fatauci ne ya kawo akasarin kakanninmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu da kanwa da bandar kifi suka riƙa bi ta nan, kuma mota ce ke kai su bakin jirgi. Ta haka tuƙi ya zama gado a wasu gidajenmu. Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ake ɗauka. Yau da yawa daga cikin yaranmu kayan agaji suke ɗauka: gero, dawa, wake, shinkafa, man girki, gidan sauro, tabarmi da barguna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba ɗimbin jama'a da gidajensu a Barno da Yobe da Adamawa. A 2016 Hukumar Abinci ta Duniya ta shigo da ƙarfinta, ga kuma NEMA ta tarayya, ga SEMA ta jiha, ga sauran ƙungiyoyi. Muna nan muka ga mutanen Gaidam sun kwararo Gashuwa bayan harin watan Afrilu na 2021. Muna nan kuma aka yi ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a Bade da Jakusko. Duk buhun da ya isa hannun wanda abin ya shafa, direba ne ya kawo shi, ko dai daga Kano ta Haɗeja da Nguru, ko daga Potiskum ta Jakusko, ko daga Damaturu ta Dapchi da Bayamari. Ranar rabo akan ɗauki hoton manya, a ɗauki hoton buhu. Shi kuwa direba yana can ƙarƙashin mota yana ramuwar barci.

To, bari mu duba yadda aikin yake tun daga tushe. Hukumar da ke da kaya ba ta cika sanin direba ba. Kamfanin sufuri take ba kwangila. Kamfanin nan, in motocinsa ba su isa ba, sai ya nemi ɗan kamasho a tasha, ɗan kamasho ya nemo mai mota, mai mota ya kira direbansa. Hannu huɗu ke nan kafin a zo kan wanda zai kama sitiyari, kuma kowane hannu sai ya gutsuri nasa. Rubutacciyar yarjejeniya tana can sama, tsakanin hukuma da kamfani. Daga nan zuwa ƙasa duk maganar baka ce, "kai dai je ka, in ka dawo ma yi magana". Takarda ɗaya ce tak direba ke sa wa hannu, wato webil, ita kuwa ba haƙƙinsa aka rubuta a ciki ba, yawan buhunan da aka damƙa masa ne.

A nan rigima ta farko take. An yi lodin buhu 600 a tirela, direba ya sa hannu. A wurin saukewa aka ƙirga aka ga babu huɗu, ko aka ga goma sun jiƙe saboda tamfol ya yage. Hukuma za ta cire kuɗin daga na kamfani, kamfani ya cire daga na mai mota, mai mota ya juyo kan direba. Ruwa dai ba ya gangara sama. Sau da yawa kuma tun a bakin sito aka yi giɓin, lokacin da direba ya tafi salla ko cin abinci ya bar 'yan dako suna lodi. Saboda haka muke cewa kada direba ya sa hannu a kan abin da bai ƙirga da idonsa ba, ko da kuwa za a ce ya cika naci.

Sai zaman jira. Kayan ɗan kasuwa, kana isa ake saukewa, domin mai kaya yana son kuɗinsa. Kayan agaji kuwa sai an jira takardar izini, a wasu hanyoyin sai an jira rakiyar sojoji, in an isa kuma sai an jira jami'in da zai karɓa. Direba na iya yin kwanaki a bakin sito yana ci daga aljihunsa, yana ciyar da yaron mota, kuma ba ya iya nisa da motar don kada a taɓa kaya. Kuɗin abincin da aka ba shi na kwana biyu ne. Wa zai biya sauran? Ba a faɗa ba tun farko. In an sallame shi sai ya yi ta gudu dare da rana don ya rama kwanakin da ya yi asara, daga nan sai ƙwayar hana barci da ta kashe ciwon jiki. Mu mutanen Gashuwa da muka san abin da ciwon ƙoda ya yi mana, bai kamata mu ga yaro yana watsa ƙwaya ba bisa umarnin likita ba, cikin zafin bazara, mu yi shiru.

Hanya ma da nata. Wanda ya taɓa shiga rairayin Yusufari ko na Machina da mota mai nauyi ya san abin da ake nufi da kafewa, haka wanda ya bi fadama da damina. Ga kuma abin da ya fi wannan. A watan Yuli na 2019 an tare ayarin ƙungiyar Action Against Hunger kusa da Damasak, aka kashe direba ɗaya nan take, aka tafi da mutum shida, biyu daga cikinsu direbobi. A farkon 2024, lokacin da tsadar abinci ta yi tsanani, an wawashe motocin abinci a Suleja da kuma Dogarawa ta Zariya. Wannan shi ne irin haɗarin da ake tura direba ciki.

Yanzu mu zo kan inshora, wadda ita ce gundarin maganar. In aka tambayi direba ko motarsa na da inshora, sai ya buɗe aljihun mota ya zaro takarda cikin fatikula ya ce ga ta. Hankalinsa kwance. Jama'a, wannan takardar ba dominsa aka yi ta ba.

Ita ce ƙaramar inshora, wadda a tasha ake kira tad-fati. Tun 1945, zamanin Turawa, aka yi dokar da ta wajabta ta. Dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta, har ta sa tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya hau titi ba shi da ita, kana a 2025 aka sa hannu a sabuwar doka da ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, wajibcin kuma yana nan daram. Daga ran 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗinta: ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, babbar motar ɗaukar kayan haya kuwa naira 100,000 a shekara. Daga ran 1 ga Fabrairu, 2025 kuma 'yan sanda suka shiga kamen marasa ita gadan-gadan.

To me take biya? In motarka ta buge mutum ya ji rauni ko ya rasu, ita ce za ta biya diyya. In ta ragargaza motar wani, ko shagonsa, ko katangarsa, za ta biya, amma da iyaka: ga babbar mota, abin da aka yanka a 2023 shi ne naira miliyan 5. Wannan alheri ne babba, ba mu raina shi ba, domin mun ga gidajen da biyan diyya ya durƙusar. Amma sunanta ma ya faɗi aikinta, wato kare mutum na uku. Na farko mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku wanda aka yi wa ɓarna a hanya. Direba ba ya cikin lissafin. In ya karye, ko ya rasa ƙafa, ko ya rasu ya bar marayu, wannan takarda ba za ta ba iyalinsa ko sisi ba. Yaron mota ma, tun da ma'aikacin mai mota ne, galibi haka. Motar kanta ba ta ciki. Kayan da ke bisanta ba sa ciki. Mutanen da ake ɗora wa bisa kaya don a sami na cefane, su ma kamfani na iya cewa ba ruwansa, tun da ba motar fasinja aka yi wa inshora ba.

Mai mota da ke son a biya shi in motar ta lalace sai ya yanki babbar inshora, wadda kuɗinta, bisa ƙa'idar 2023 ɗin, ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Kaya kuma suna da tasu inshorar daban, ta kaya a kan hanya. Hukumomin agaji manya sukan gindaya wa kamfanin da suka ba kwangila sharaɗin inshora, amma in kwangilar ta gangaro hannu uku, wa ya duba ko motar da aka yi wa lodi tana ciki? Bugu da ƙari, akwai abin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a bayan takarda wanda ba mai karantawa: akasarin inshorar mota ba ta biyan asarar da ta auku saboda yaƙi, ko ta'addanci, ko tarzoma, sai in an sayi wannan kariyar daban, an biya ƙarin kuɗi. Wato ainihin haɗarin da ya bambanta direban kayan agaji da direban siminti, shi ne aka cire. Wannan a ganinmu ba ƙaramin zalunci ba ne, in har mai ba da kwangila ya sani ya yi shiru.

Akwai kuma takardun bogi. Shekara da shekaru ana sayar wa mutanenmu takardar inshora a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, da sunan kamfanin da babu shi. Tana wuce shingen bi'ai'o, amma ranar haɗari takardar ƙunsa ƙosai ta fi ta amfani. Yanzu akwai rumbun bayanan inshora na ƙasa, kuma da ƙaramar waya ma ana iya latsa *565*11# a sa lambar mota a ga ko inshorar ta gaskiya ce da ranar ƙarewarta. A kuma tuna cewa tun 2013 ake aiki da ƙa'idar in ba a biya kuɗi ba, babu kariya. "Zan kawo ciko" ba ta aiki a nan. Haka nan in direban tirela ba shi da lasin da ya dace da tirela, ko lasin ya ƙare, ya ba kamfani ƙofar zillewa. Masu tsallakawa Nijar kuma, katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa da aka ƙirƙiro a 1982 shi aka saba nunawa, amma tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, a tambaya a kan iyaka kafin a yi lodi.

To shi direba, me zai kare shi? Akwai doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce duk mai ɗaukar ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko magadansa. Ba daga albashin direba ake cirewa ba, mai mota ne zai biya. Akwai kuma inshorar haɗarin jiki da mai mota zai iya yanka wa direba da yaronsa, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba in aka kwatanta da abin da take tarewa. Iyayenmu masu motoci, da girmamawa muke faɗin wannan: mun san yadda kuke ɗaukar nauyin direba in tsautsayi ya faɗa, kuna biyan asibiti, kuna kai buhu gidan mamaci. Allah ya saka da alheri. Amma ranar da direba ya kwanta, ranar ce motar ma ta kwanta, hannun da zai yi taimakon shi ma ya karye. Alheri yana bin hali da samu, haƙƙi kuwa sai an rubuta shi.

Mun san wasunmu suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. Wannan sai mu bar wa malamanmu su yi bayani, ga su nan zaune. Abin da za mu ce kawai shi ne NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin, kuma suna yin ta mota. Saboda haka hanya a buɗe take ga mai son kauce wa shubuha.

Abin da muke kawowa gaban taro shi ne ƙungiya ta rubuta gajeriyar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, wadda mai mota da direba za su sa wa hannu gaban shaida kafin a tafi ɗaukar kayan agaji. A ciki a faɗi kuɗin tafiya, da kuɗin abinci na kowace ranar jira, da wanda zai ɗauki asarar giɓi in ba sakacin direba ba ne, da irin inshorar da ke kan motar, da abin da za a yi wa iyali in ta Allah ta kasance. A kuma rubuta cewa direba yana da ikon ƙin bin hanyar da aka ce sai da rakiya in babu rakiyar, ba tare da an ƙwace masa makulli ba. Muna roƙon dattawanmu su kai wannan takarda ga shugabannin NURTW da NARTO na Gashuwa da Nguru, domin direban Bade da na Manga da na Fulani duk hanya ɗaya muke bi, kuma in mu kaɗai muka ce sai an rubuta, ɗan kamasho zai tsallake mu ya nemi wani.

Kafin nan, duk mai mota da direban da ke wurin nan ya zo da takardunsa ranar Juma'a bayan la'asar. Za mu zauna da matasanmu masu karatu a duba su ɗaya bayan ɗaya, a karanta wa kowa abin da tasa ta ƙunsa da abin da ta cire. Matan direbobi ma a bar musu kwafi a gida, su san inda yake.

 Allah ya kiyaye hanya.