Farashin Tiya Ya Kamata Mu Riƙa Aunawa

Lacca da aka gabatar a Dakoro gaban ma'aikatan noma da kiwo da wakilan makiyaya

 

Rigimata da abokan aikinmu na Yamai tsohuwa ce. Kowace kaka sai su ƙiyasta hatsin da ƙasa ta noma, su raba da yawan bakuna, su ce an yi rara ko an yi giɓi, a kan wannan a tsara taimakon shekara. Ni kuwa na ce wannan lissafi ba ya gaya mana wanda zai kwana da yunwa a Kornaka ko Birnin Lalle cikin watan Yuli.

Mu koma yunwar 2005, tunda duk wanda ke zauren nan ya gan ta. An ɗora laifi a kan fara da fari. To amma amfanin gonar 2004 bai gaza na shekarun baya da abin da ya wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Hatsi na nan a kasuwa. Abin da ya faru shi ne buhun da manomi ya sayar jika 10 da 'yan kai da kaka ya kai kusan jika 30 da damana ta yi nisa, domin 'yan kasuwa sun bi farashin Najeriya ta Jibiya. Makiyayin Gadabeji kuma dukansa biyu ne: hatsi na hawa, akuyarsa ta rame tana faɗuwa. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, har da cibiyarta ta nan Dakoro. Mafi yawansu daga ina? Daga jihar Maradi, musamman Gidan Rumji da Madarunfa, inda ruwa ya fi sauka, inda ake kira rumbun ƙasa. Ina roƙon masu lissafin rara da giɓi su bayyana mini wannan. Shekaru nake tambaya, amsa ba ta zo ba.

Gwamnati ta fito da hatsi mai rahusa, jika 10 buhu, ga mutanen da ko dala ba su da ita. Rabon kyauta bai kankama ba sai Agusta. Kafin nan magidanci ya riga ya karɓi bashin "a ci ba daɗi", ya jinginar da amfanin da bai ma fitar da kai ba.

Akwai masu cewa matsalar ta jahilcin uwaye ce da yawan haihuwa. Uwar da ke yini a gonar wani don ta samu tiya guda ba darasin dama kunu ta rasa ba. Na wuce wannan.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A ɗauki alƙaluman da SIMA, hukumar bin farashin amfanin gona, ke tarawa a kasuwanni, a duba tiya nawa akuya ke saye a kasuwar Dakoro da Sakabal, a sa wannan ya zama ƙararrawar gargaɗi. OPVN, hukumar rumbun abinci ta ƙasa, ta sayi hatsi da kaka daga hannun manomi kai tsaye, ba daga ɗan kasuwar da ya riga ya tara ba. A faɗaɗa tsarin ajiye hatsi a sito a karɓi rance a kansa, a danƙa makullin ga ƙungiyoyin mata irin su Mata Masu Dubara, waɗanda tun 1991 suke riƙe asusu a jihar nan.

Sai kwarin Tarka, inda iyakar noma da kiwo take. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da ita, amma gonaki na ta cin makiyaya da burtali, kowa na gani. Magadan gari da ke zaune a gabana su ne ke da hannu a kwamitocin filaye. Su fara da sa alama a burtalolin da suka rage kafin shukar bana.