Sari Ba Ya Zama Araha Sai An Yi Lissafi

Jawabin Kwamitin Sayayya a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma, Giginyu

 

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwa, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna a baya, muna yi wa kowa sannu da zuwa. Mu 'yan Kwamitin Sayayya aka ce mu yi magana a kan sari. Mu ba ma'abota jawabi ba ne, 'yan kasuwa ne, saboda haka in mun yi tuntuɓe a yi mana afuwa.

Za mu fara da labarin da wata 'yar'uwarmu ta kawo mana lokacin da ta dawo daga Amurka, inda ta je zaman jegon 'yarta. Ta ce surukinta ya kai ta wani kanti da ake kira Costco, ƙato kamar sito. Ba a shiga sai da kati, katin kuma biya ake yi duk shekara, dala 65 ne mafi ƙanƙanta tun daga Satumbar 2024. A ciki babu wani ado. Kaya na nan a katan-katan ɗinsu a kan katako, kuma ba sa tara iri-iri: kusan kala 4,000 kawai suke ajiyewa, alhali babban kanti na yau da kullum yakan ninka haka sau da yawa. Suna sayen abu kaɗan amma da yawan gaske, shi ya sa kamfanoni suke rage musu. Babban kaso na ribarsu kuma daga kuɗin katin nan yake fitowa, ba daga tsauwala farashi ba.

Da ta gama, wata a cikinmu ta ce, "Kai, ina ma a kawo mana irinsa Kano." Sai Ma'ajinmu ta yi dariya ta ce, "Ke kuɗin rajistar da kika biya da zubin da kike yi duk wata, na mene ne?" Gaskiyarta. Ai katinmu ke nan. Siton kuma Allah ya riga ya ba mu: ga Singa don shinkafa da sukari da taliya da sabulu, ga Dawanau don hatsi, wadda har daga Nijar da Chadi ake zuwa cinta, ga Yankaba nan kusa da mu a Titin Haɗeja don kayan gwari. Abin da ya rage shi ne tambayar da mai katin Costco yake yi wa kansa a ƙarshen shekara, mu ma dole mu yi ta: abin da muka rage a saye ya fi abin da muka kashe kafin kayan su shiga tukunya?

To, ga lissafin. Mun yi shi a allo a aji, da alli, har sau uku kafin mu yarda da shi. Farashin misali ne, domin kasuwa ba ta kwana inda ta yini.

A ce buhun masara naira 40,000 ne a Dawanau, buhun da ake cewa kwano arba'in. Kwano ya tashi a 1,000 ke nan. A ce mai awo na unguwa yana ba da shi 1,200. Mace ta ji haka sai ta ce ta ci ribar 8,000, ta ɗauki mayafi ta tafi ita kaɗai. Daga Giginyu zuwa Dawanau sai ta ratsa gari kaf ta bi Titin Katsina, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kun san yadda kuɗin adaidaita sahu ya koma. A ce zuwa da dawowa da buhu ya ci 5,000. Ɗan dako da la'adar dillali, 1,000. Ta zo gida ta auna, ta tarar kwano 38 ne, ba 40 ba. Ta kashe 46,000 a kan kwano 38. Kowane kwano ya zama 1,210. Ta bar rumfarta a rufe yini guda, ta sha rana, ta kuma sayi masara da tsada fiye da ta maƙwabcinta mai awo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu a ce mu ashirin ne, buhu ashirin, mota ɗaya a kan 30,000. Kowane buhu ya ɗauki 1,500. A haɗa da dako da la'ada, ya zama 42,500. Ko da kwano 38 ɗin ne, kwano ya tsaya wajen 1,120. Kun ga ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, amma riba ce ta gaske, kuma ba mu sa ragin da dila yake yi wa mai ɗaukar buhu ashirin ba. Duk sirrin yana cikin motar nan guda ɗaya.

Maganar kwano 38 ba ƙirƙira muka yi ba, ta same mu. Shekarar da muka fara, mun raba gero da kwanon aro, aka tashi da rigima har wasu suka yi wata biyu ba sa gaisawa. Wata ta ce an cika wa wance ya yi tudu, ita an shafe mata. Ashe kwanon ma an bubbuga gindinsa. Daga nan muka sayi kwanon ƙungiya, muka yi masa alama da jan fenti, kuma mace ɗaya ce take awo daga farko har ƙarshe, a gaban kowa. A kasuwa ma ba ma yarda da saman buhu. Sai an soka ƙarfen nan an zaro daga tsakiya da ƙasa mun gani a tafin hannu, domin algus ba a sama yake kwana ba.

Sai abin da ya fi ba mu kunya, amma za mu faɗa don amfanin sababbin shiga. Akwai azumin da muka samu madarar gari da tumatirin gwangwani a wani shago, ba za mu faɗi kasuwar ba, da rangwamen da ya sa muka riƙa godiya kamar kyauta aka ba mu. Mun kwashi katan goma sha biyu. Sai da wani yaro ɗan firamare ya ɗauki gwangwani a gidan ɗaya daga cikinmu ya ce, "Umma, wannan ai saura sati uku ya lalace." Mu shida muka je sarin nan, manya da mu, babu wadda ta iya karanta lambobin da ke gindin gwangwani. Mai shagon ya ce shi bai ɓoye komai ba, a rubuce yake. Kuma a rubucen yake.

Wannan ne ya kai da yawanmu aji, ba wani abu ba. Allah ya saka wa Malama da alheri, ta sa kowacce ta zo da gwangwani ko kwali daga ɗakin girkinta, muka zauna muna neman inda aka rubuta EXP ko BB, muna koyon cewa 03/26 na nufin watan uku na 2026, muna duba lambar NAFDAC. Yau in muka shiga shago, katan ɗin ƙasa muke cewa a sauko mana da shi mu duba, kuma ba ma fita sai da rasit mai sunan kaya da adadi. Jihar nan tana da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Wadda take jin ta tsufa da zama a benci, ta tambaye mu nawa katan goma sha biyu suka ci.

Ajiya kuma wani fagen ne. Wake ne ya fi wahalar da mu. Ki saye shi da kaka da araha, kafin bazara ƙwari sun huje shi ya koma gari. Wasu sukan zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin buhu. Don Allah mu daina. Abin da 'ya'yanmu za su ci ne. Saboda ragowar irin wannan maganin ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Najeriya a 2015. In su sun ƙi ci, mu me ya sa za mu ci? Akwai buhun nan da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda wata jami'a a Amurka mai suna Purdue ta fito da shi. Ba ya son magani ko kaɗan. A tabbatar waken ya bushe, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har baki. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiba, a ware na ci daban. Tumatir kuwa, wadda ta sayi kwando a Yankaba lokacin da yake banza ba tare da ta shirya yanka shi ta shanya kauɗa ba, ta sayi ruɓa ne, don wutar da za ta riƙe firij ba mu da ita.

Iyayen gida da ke baya, ga taku. Mun san da yawanku kullum kuke ba da kuɗin cefane, don kullum kuke samu. Amma wanda yake ɗaukar albashi, ya taimaka ya ba da na hatsi a dunƙule. Mu kuma mata mu faɗi gaskiya: in buhu na ɗaki, hannu yakan yi nauyi a wajen awo. Gidan da ake dafa kwano ɗaya sai a koma ɗaya da rabi. Katan ɗin taliyar yara da aka ce na wata ne, kwana tara ya yi. Maƙwabta ma sun ga an sauke buhu, "a sam mini" ta ƙaru, kuma ba a hana maƙwabci. Shi ya sa muka cire biskit da lemon kwali da taliyar yara daga jerin sarinmu. Abin da yawansa ke sa a ƙara ci, sarinsa asara ne.

Yanzu maganar bara, wadda muka san ita kuke jira. A 2023 da 2024 duk wanda ya ajiye hatsi ya ci riba, har a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe wasu rumbuna a Dawanau kan zargin ɓoye abinci. Mu ma ido ya rufe mana. Da kakar 2024 muka ɗebi kuɗin asusu muka sayi masara fiye da abin da gidajenmu za su ci, da niyyar in ta hau mu sayar. Ba mu kula cewa tun watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 ba. Aka shiga 2025, farashi maimakon ya hau sai ya riƙa sauka. Muka sayar ƙasa da yadda muka saya. Adadin yana cikin rahoton Ma'aji, ba mu ɓoye ko sisi ba. Kwamitin nan ne ya kawo shawarar, mun ɗauki laifin, muna neman gafararku. Abin da aka raba wa gidaje aka ci bai dame mu ba sosai, an ci an ƙoshi. Wanda muka ajiye don caca da farashi shi ya ƙone mu. Muna roƙon a rubuta a dokar ƙungiya cewa kuɗin asusu ba ya sayen ƙwaya ɗaya sai wadda wata ta rubuta sunanta ta biya.

Ta biya, muka ce. Malama ta ba mu labarin wasu talakawa 28, da dama daga cikinsu masaƙa, a garin Rochdale na Ingila, waɗanda suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan shago a Disambar 1844 da fulawa da sukari da man shanu da kyandir kaɗan. Daga wurinsu tsarin ƙungiyoyin gama kai irin tamu ya bazu a duniya. Cikin dokokinsu akwai cika awo, da kaya marasa algus, da kowa ƙuri'a ɗaya, da kuma ciniki kuɗi hannu. Mu har yanzu akwai sunaye a littafi daga sarin azumin da ya wuce. Ba za mu karanta su a taron murna ba. Amma kuɗin da ke hannunsu shi ne kuɗin motar bana.

Akwai shawarar da wasu suka kawo, wai don a rage wahalar awo, kada a karɓi ƙasa da rabin buhu daga kowace mace. Mun tattauna, kuma kwamiti bai goyi baya ba. Mu da muke zaune a kasuwa mun san wa ya fi kowa sayen abu da tsada: mai sayen sukari ƙulli-ƙulli, da mai na cokali, da omo na leda. Wato marar shi. A cikinmu akwai zawarawa da masu riƙon marayu waɗanda kwano biyar ne ƙarfinsu. In muka ce sai rabin buhu, mun mayar da su wurin mai ƙulli, mun bar rangwamen ga waɗanda da ma za su iya zuwa Singa da motar gidansu. Mu takwas masu kwano biyar-biyar buhu guda ne. Wahalar awon kuwa mu ne masu yin ta, kuma mun ce mun ɗauka. Ƙuri'a dai taku ce, za a kaɗa bayan an ci abinci.

Sabon gero ya fara shigowa, masara da dawa na tafe. Za a buɗe littafin suna ranar Asabar bayan la'asar a gidan Hajiya Shugaba, a rufe bayan sati biyu. Kowacce ta zauna da maigidanta ko manyan 'ya'yanta ta lissafa kwano nawa gidan yake ci a wata kafin ta zo, kada ta faɗi adadi don ta ji ta kusa da ita ta faɗa. Mata biyu za su bi mota, ɗaya daga kwamiti, ɗaya daga cikinku da za ku zaɓa, kuma a cikin biyun dole a samu mai karanta rasit. Wadda take son buhun ajiyar wake ta faɗa tun yanzu a haɗa a sayo tare.

Allah ya ƙara mana shekaru masu albarka, ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba.