Mi ya haɗa ɗan Adar da jiragen ruwan yaƙin Rasha?

 Na gode da kunka baro fada da shayi kunka zo wurin ga.

Da na faɗa wa wani abokina abin da zan yi magana a kai, dariya ya yi. Ya ce mu da babban ruwanmu shi ne tafkin Tabalak, ina ruwanmu da jiragen ruwan Rasha? Na ce masa shinkafar da ya ci jiya ta teku ta zo. Albasar Galmi kasuwannin Abijan da Akara take nufa. Yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekara da shekaru yana ratsawa ta cikin garin ga na Tawa zuwa Kwatano. Tun watan Afrilun 2024 kuma, da sojojin Rasha masu ba da horo sunka sauka Yamai, ya zama wajibi mu san abokin ga da munka yi, mu san inda yake da ƙarfi da inda ba ya da shi.

Ku ɗauki taswira ku duba. Babu ƙasar da ta kai Rasha faɗi a duniya, amma ƙofofinta na fita teku matsattsu ne. Arewa ƙanƙara ce. Yamma, tekun Baltik, sai an bi ta mashigin Danmak. Kudu, Bahar Aswad, makullin yana hannun Turkiyya. Gabas kuma Japan na tsaye a bakin hanya. Shi ya sa rundunar ruwanta ta rabu gida huɗu, kowace da nata teku, kuma ranar da wuta ta kama ɗaya, sauran ba sa iya kawo ɗauki da wuri.

Fiye da shekara 300 ke nan suna fama da matsalar ga. Sarki Bitrus Babba ya kafa rundunar a 1696. Shekara ta gaba ya tafi Holan da kansa, ya kama aikin kafinta inda ake ƙera jirage don ya koya. A 1703 ya aza harsashin birnin San Fitasbag a bakin Baltik. A 1783 sarauniya Katarina ta karɓe Kirimiya, anka gina Sebastopol. Duk ƙofa ake biɗa.

Amma ku ji abin da ya faru da sunka so kai yaƙi nesa da gida. A ƙarshen 1904, suna yaƙi da Japan, sunka taso da jiragen Baltik. Manyan cikinsu sai da sunka kewaye Afirka, sunka tsaya Dakar ɗaukar gawayi, sunka yada zango Madagaska. Wata bakwai suna tafiya. Da sunka isa mashigin Tsushima a watan Mayun 1905, a gajiye, Japan ta murƙushe su cikin kwana biyu.

Zamanin Tarayyar Sobiyet, Admiral Gorshkof, wanda ya riƙe rundunar daga 1956 zuwa 1985, ya ɗauki darasin. Ya gina jiragen ƙarƙashin ruwa masu makaman nukiliya, waɗanda har gobe su ne ƙashin bayan ƙarfin Rasha a teku. Ya kuma nemi masauki a tashoshin wasu: Tartus a Siriya tun 1971, Konakiri a Gini, Barbara a Somaliya. To, amma masauki ba gidanka ba ne. A 1977 Siyad Bare ya juya musu baya, sunka tattara sunka bar Barbara.

Yanzu mu dawo zamaninmu. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, Turkiyya ta yi amfani da yarjejeniyar Montare ta 1936 ta rufe mashiginta ga jiragen yaƙi. A watan Afrilu na shekarar, babban jirginsu mai suna Moskva ya nutse. Yukiren, wadda kusan ba ta da rundunar ruwa, ta yi ta kai hari da makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale marasa matuƙi, har Rasha ta janye jirage da yawa daga Sebastopol. A Tartus an sa hannu kan zaman shekara 49 a 2017, amma ranar 8 ga Disamban 2024 gwamnatin Assad ta faɗi, makomar sansanin ta koma hannun waɗanda Rasha ta yi shekaru tana yi wa luguden wuta. Sansanin da anka sanar za a gina a Fot Sudan tun 2020, har yau magana ce a baki.

Kada wani ya fita nan ya ce na ce Rasha ba ta da ƙarfi. Tana da shi, kuma a bakin gidanta ba a wasa da ita. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan za ta kawo kaya masu nauyi nan Sahel, ita ma sai ta nemi alfarmar tashar wani. Motocin sulken da sunka isa Bamako a 2025, Konakiri anka sauke su. Ashe mu da ita ciwonmu ya yi kama: mu ba mu da teku, ita tana da shi amma makullan na hannun mutane.

Mu kuwa mun san zafin rufe ƙofa. Bayan 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, kowa a nan ya ga yadda buhun shinkafa ya tashi, ya ga yadda magani ya yi wuya. Kaya sunka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja kafin su iso. Man Agadem kansa, bututun da ke ɗauke da shi na kusan kilomita 2,000 a Seme ta ƙasar Benin yake ƙarewa. Babu jirgin yaƙin wata ƙasa, Rasha ce ko Faransa ko Amurka, da zai buɗe mana waɗannan hanyoyi. Maƙwabtanmu ne ke da su, kuma a can ƴan'uwanmu ƴan Adar da sunka tafi biɗa suke kwana suke tashi.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Sojan Faransa ya fita a Disamban 2023, na Amurka ya bar Agadas a 2024, kuma da yawanmu mun yi murna saboda muna ganin yarjejeniyoyin da sunka kawo su a ɓoye anka ƙulla su. To, ma'aunin da munka auna su da shi, da shi za mu auna kowa. Duk abokin da ya zo, mu tambaya: mi anka ba shi, mi zai ba mu, na shekara nawa, kuma ta wace hanya taimakonsa zai iso ranar da muke buƙata? Tambayar ga haƙƙin ɗan ƙasa ce, ba cin amana ba ne. Rasha ba ta ɓoye cewa moriyarta take bi, tun zamanin Bitrus. Mu ma mu san tamu, mu matsa wa magabatanmu su gyara tsakaninmu da masu bakin teku, ko da kuwa akwai saɓani, don talakan Keita da na Buza da na Abalak su ne ke biyan kuɗin kowane kilomita da kaya sunka ƙara.

In kun koma fada yau da dare, ku buɗe taswira a wayarku, ku bi hanyar da buhun shinkafa ke bi daga jirgi har kasuwar Tawa, ku ƙidaya iyakokin da yake ƙetarawa. Sai mu ɗora daga nan a zama na gaba.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya.