Kafin Mu Kai Kuɗin Adashi Wurin Gyaran Fata

Mu da ke wuni a kasuwa, rana ta dafa mana fuska, kitso mai tsauri ya cinye gashin goshi. Yanzu ga asibitocin gyaran jiki birjik, masu saɓule fata da sinadari, masu allura a fatar kai don gashi ya tsiro. Bara mun ga 'yar ɗayarmu ta dawo fuska a ƙone, saura sati biyu biki. To, kafin mu zuba kuɗin adashi, mu tambaya: likitan fata ne zai yi? Tunda mun shiga ajin yaƙi da jahilci, mu karanta jikin kwalba, mu nemi lambar NAFDAC. In an rubuta mercury, mu ajiye, ƙoda yake lalatawa.