Fiɗar Faifan Ƙashin Baya: Rabon Likita da Rabon Majinyaci



An nemi in yi magana a kan aikin fiɗa da ake yi wa faifan ƙashin baya. Na san wani zai ce ai wannan zancen tsofaffi ne, me ya kawo shi zauren samari? To, ciwon nan ya fi kama mutum tsakanin shekara 30 da 50, watau daidai lokacin da yawancinku za ku kasance bisa kujerar ofis, ga iyali, ga dangi sun zuba muku ido. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, aikin likita a ɗakin fiɗa na awa ɗaya ne ko biyu, amma aikin majinyaci na makonni ne.

Bari mu fara da sanin inda ciwon yake. Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne, biyar daga cikinsu suna wajen ƙugu, su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da taushi, yana aiki kamar matashin kai. Idan bayan faifan ya tsage, abin da ke ciki sai ya ɓullo ya danne jijiyar da ta gangara ƙafa. Shi ya sa mai ciwon yakan ji zogi daga ɗuwawu har tafin ƙafa, alhali kuwa asalin cutar tana ƙugu. Galibi kuma faifai biyu na can ƙasa ne ke tsagewa. A shekarar 1934 ne likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa bayanin da ya tabbatar da haka. Daga 1977 kuma aka shiga yin aikin da madubin ƙara girma, ta ɗan ƙaramin yanka.

Ba duk mai wannan ciwo ke bukatar wuƙa ba. Mafi yawa sukan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki. Akan kai ga fiɗa ne idan zogin ƙafa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafar ta soma rauni, sa'an nan hoton MRI ya nuna faifai ne ya danne jijiya. Lalle ne kuma majinyaci ya sani tun da wuri cewa aikin ya fi maganin zogin ƙafa bisa ga ciwon bayan kansa, don kada ya sa rai ga abin da ba a yi masa alkawari ba.

Amma akwai halin da ba ya jiran gari ya waye. A ƙasan laka akwai wani dami na jijiyoyi da likitoci suka yi wa laƙabi da wutsiyar doki. Idan faifai ya danne shi, mutum zai ji matsematsinsa ya mutu, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, ko bayan gida ya kuɓuce masa. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a wannan sa'a. Kunya kan sa mutane su ɓoye, su tsaya ƙaho da shafe-shafe, jijiyar kuwa in ta mutu ba lalle ta farfaɗo ba.

To, ga wanda aka sa wa rana, mene ne nasa? Da farko ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, ko asfirin ne, ko maganin tsinka jini, ko sassaƙe da jiƙo na gida. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya daidaita su. Mai shan taba ya bari, domin taba na jinkirta warkewar rauni, tana kuma cikin abubuwan da ke sa faifai ya sake tsagewa. Ya kiyaye umurnin barin abinci, wanda galibi awa 6 ne kafin a ba shi maganin barci. Ya nemi hutun jinya a rubuce daga wurin aiki, ya shirya wanda zai zauna da shi. A gida kuma a ɗaga masa shimfiɗa daga ƙasa, a sama masa abin zama a makewayi, don tsugunno zai yi masa wuya a kwanakin farko.

Bayan an fito, mutane da yawa kan ɗauka kwanciya ce magani. Ba haka ba ne. Akan tayar da majinyaci ya taka a ranar ko kashegari, domin tafiya na hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Sai ya riƙa ƙara tafiyar kullum kaɗan-kaɗan. Abin da akan hana shi na wajen mako 4 zuwa 6 shi ne ɗaukar kaya mai nauyi, da sunkuyo, da murɗa jiki, da dogon zama. A nan ƙasar tamu ma'anar wannan ita ce, ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba hawan babur a hanya mai ramuka. Salla kuwa, addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya ya yi ta a zaune. Idan zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fid da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura, ko ƙafa ta ƙara rauni, a koma asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Inda ma'aikaci ya fi yin kuskure shi ne wajen komawa aiki. Zogi ya tafi, takardu sun taru, yana tsoron kada maigida ya ce ya cika raki, sai ya koma ya zauna daga safe har azahar bai miƙe ba. Ku tuna likita ɓaren da ya ɓullo kawai ya cire, tsagar faifan na nan tana bukatar lokaci, takan kuma sake ɓullowa ga wasu. Mai aikin tebur kan koma bayan 'yan makonni, mai aikin ƙarfi sai ya kai wata biyu ko uku, duk da izinin likita. In an koma, a riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, a kuma dage da atisayen da ma'aikatan sashen gashi suka koyar. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku da za ku zama shugabannin ofisoshi gobe, idan na ƙasa da ku ya kawo takardar likita, ku ba shi kwanakinsa cikakku. Mako biyu da kuka ƙwace masa na iya jawo masa komawa ɗakin fiɗa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.